Ruwan Jakara da Nauyin da Ke Kanmu



Mu da muka tashi a ƙasar Minjibir mun san kogin Jakara tun kafin a datse shi a Wasai. Daga birnin Kano yake tasowa da dauɗar unguwanni, rafin Getsi kuma ya ƙara masa dagwalon masana'antun Bompai. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da tumatirin da kuke saye a kasuwa.

Roƙonmu shi ne a samu matasa 'yan sa kai, kowane mako su duba launin ruwan da warinsa, su ƙirga matattun kifaye, su rubuta a littafi kamar yadda muke kiran rajista a makaranta. Kwalaben ɗibar ruwa da kuɗin gwaji a Jami'ar Bayero kuwa, ku mazauna birni muka ɗora wa.