Hoto a Matsayin Shaidar Tarihi: Ƙauyukan Kankiya da Kusada



Duk wanda ya bincika tsofaffin hotunan ƙasar Katsina zai tarar mafi yawansu na fada ne da na birni: hawan salla, Hasumiyar Gobarau, da sarakuna irin su Muhammadu Dikko, wanda ya sarauci Katsina daga 1906 zuwa 1944. Dalili kuwa shi ne, a zamanin Turawa kyamara tana hannun baƙo, shi kuwa baƙo inda hanya ta kai shi nan yake tsayawa. Manomi da maƙeri da mai saƙa, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙasar, da wuya a ga fuskarsu.

Wannan giɓi ne matasa masu aikin sa kai suke iya cikewa, idan suka ɗauki kyamara ko wayar hannu suka shiga karkara. Misali, gasar hotuna ta Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, takan zaɓi jigo guda kowane zagaye: abinci a 2014, sana'o'i a 2017, gida da muhalli a 2022. Hotunan da aka tara kowa yana iya amfani da su, muddin ya ambaci wanda ya ɗauka.

Kankiya tana bisa babbar hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuwa tana maƙwabtaka da ita. Amma abin da ya kamata a adana yana can cikin ƙauyukansu: rumbun ƙasa, soron tubali, rijiyar guga, sussukar gero da dawa. Kwano da bulo suna maye gurbin azara da jinka, kuma maginin da ya rasu bai bar almajiri ba, da iliminsa ake binne shi.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa uku. Na farko, izini. Lalle ne a fara da gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa, sa'an nan a nemi yardar wanda za a ɗauka. Cikin gida hurumin mata ne, saboda haka tawagar da ba mace a cikinta rabin ƙauye kaɗai za ta gani.

Na biyu, bayani. Hoton da ba a rubuta sunan garin da ranar ɗaukarsa da sunan abin da ke ciki ba, ado ne kawai, ba zai amfani mai bincike ba bayan shekara 50.

Na uku, amana. Sanin kowa ne a shekarun nan ɓarayin daji sun addabi karkarar Jihar Katsina. Hoton garken shanu ko rumbu cike da hatsi, idan aka watsa shi tare da cikakken kwatancen wurin, yana iya zama jagora ga ɓarawo. A irin wannan hali sai a ajiye kwatancen a rubuce, a sakaya shi ga jama'a.

Daga ƙarshe, wajibi ne a wanke hotunan a mayar wa masu su, a kuma miƙa kwafi ga gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Ɗalibin da ya fito daga Kankiya ko Kusada ba ya bukatar tafinta. Hutun da ke tafe ya ishe shi ya fara da unguwarsu.

Allah ya sa a dace, amin.