Injiniyan soja da harshen takardar inji

Zancen yau na makarantar soja ne, amma makiyaya kada ku kashe rediyo, ya taɓa burtalin da kuke bi.

A Omdurman akwai Jami'ar Karari, inda soja ke horar da injiniyoyinsu, muhandisai in ji mutanen nan: masu gina gada, masu gyaran na'urar sadarwa da makamai. A 1990 gwamnati ta ce karatun jami'a a Sudan ya koma da Larabci. Yaro ya ji darasi da harshen da ya sani, madalla. To amma injin da ake sayowa daga waje bai ji wannan umarni ba. Takardar da ke zuwa da shi da Turanci take, wani lokaci da rubutun Sin ko na Rasha. Ko ƙarin tsawon madatsar Rusairis da aka gama a 2013, kamfanonin Sin ne suka yi shi.

Ga inda abin ya shafe ku. Yaƙe-yaƙen Nilu Shuɗi sun bar nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba a daji, kuma injiniyan soja na cikin masu tone su. Rubutun da ke jikin ƙarfen nan shi ke nuna irinsa. Ƙa'idojin aikin na duniya da Turanci aka fara rubuta su. Wanda ke jiran tafinta a bakin rami, ransa yana hannun wani, haka ma shanun da za su bi wurin gobe.

Malamai na kukan rashin lokaci, kuma suna da gaskiya: ga lissafi, ga zane, ga fareti tun asuba, ina za a cusa harshe? Ni dai a ganina kada a ware masa aji da yamma, lokacin da ɗalibi ke gyangyaɗi. A kai shi wurin gyara. A miƙa wa yaro takardar janareta da Turanci, a ce ya kwance ya ɗaura da ita, a ba shi maki a kan haka. A Kaduna, makarantar soja ta NDA tana da sashen harsuna mai koyar da Faransanci da Larabci, don maƙwabtan Najeriya da Faransanci suke aiki. Mu kuwa Habasha ce a gefenmu, ruwan koginmu daga can yake zuwa, Amharanci ba zai zama asara ba.

Yaranmu sun taso da Hausa da Larabci, wasu har da Fulatanci, harshe na gaba ba zai ba su tsoro ba. Mai ɗa a sakandare da ke son wannan aiki, ya duba masa makin Turanci kamar yadda yake duba na lissafi. Ku kuma da kuka ga baƙon ƙarfe a makiyaya, kada ku taɓa, kada ku juya shi don karanta rubutun. Ku sa alama daga nesa, ku kai labari wurin hukuma.