JAKAR JAM'IYYA A HANNUN WA TA KE? DARASI DAGA ƘASAR SIKOTLAND

Wannan ita ce laccar da Magatakardan reshenmu ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa ran Lahadi da la'asar. Mun buga ta yadda ya faɗa, domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwana talakawa, assalamu alaikum.

Kun dai ji labari, wani attajiri ya aiko wa reshen nan cewa zai biya mana kuɗin hayar ofis na shekara 2, ya kuma saya mana motar yawon lacca, ba ya son ko kwabo. Makon gobe za ku jefa ƙuri'a a kan mu karɓa ko mu ƙi. Shugaba ya ce in yi muku bayani tukuna. To, ni ba zan taɓa sunan kowa a garin nan ba. Zan kai ku wata ƙasa mai nisa, ku ga abin da kuɗi ya yi wa masu neman mulkin kai a can, sa'an nan mu komo gida.

Da ina makarantar mishan, duk Baturen da ya mulke mu ɗan Ingila mu ke ce masa. Sai da malaminmu ya shimfiɗa taswira muka ga ashe tsibirin nan ba ƙasa ɗaya ba ce. A arewacin Ingila akwai Sikotland, ƙasar duwatsu da sanyi, mutanenta miliyan 5 da ɗoriya, babban birninta Edinbara. Da can tana da sarkinta da majalisarta. A 1603 sarkinta Jemis ya gaji gadon sarautar Ingila, ƙasashen 2 suka zama sarki ɗaya, amma kowace da majalisarta da baitulmalinta.

Ku saurari yadda majalisar ta salwanta. Wajen 1696 mutanen Sikotland, manya da ƙanana, suka zuba dukiyarsu cikin wani kamfani da zai kafa zangon ciniki a Dariyen, can ƙasar Fanama. Zazzaɓi da yunwa da sojan Sifen suka gama da zangon kafin 1700 ta ƙare. Mutane suka mutu, jari ya nutse. Ana cikin wannan ƙunci sai Ingila ta kawo shawarar a haɗe, ta ce za ta biya fam 398,085, kuma cikin kuɗin nan za a mayar wa waɗanda suka yi hasara a Dariyen jarinsu. Da yawa cikin wakilan da za su yanke shawara suna cikin masu hasarar. Talakawa suka yi bore a titunan Edinbara da Gilasgo, suka aika da takardun ƙin yarda, amma a banza. Ran 1 ga Mayu 1707 aka haɗe, majalisa ta koma Landan. An bar musu shari'arsu da cocinsu da makarantunsu, amma jaka ta tafi. Baki ya ci, ido ya ji kunya.

Aka daɗe a haka. A 1934 aka kafa jam'iyyar SNP, watau ta masu neman Sikotland ta tsaya da ƙafarta. Shekaru da yawa ana yi musu dariya, kamar yadda a ke yi mana. A 1967 wata lauya, Winnie Ewing, ta ci kujerar Hamilton, inda kowa ya ɗauka gidan jam'iyyar Leba ne har abada. Sa'an nan aka sami man fetur a tekun da ke gabas da su, mutane suka fara tambaya, ina kuɗin man nan ke tafiya? A zaɓen Oktoba 1974 SNP ta sami kujera 11 a majalisar Landan. Nan fa manya suka farga.

Sai aka fito da wata dabara, a ba su mulkin cikin gida, watau a sakar musu waɗansu ayyuka, a riƙe manyan. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kakanninmu sun ga irinsa daga hannun Landan ɗin nan, Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, cikakken 'yanci kuwa sai 1 ga Oktoba 1960. A Sikotland an yi ƙuri'ar raba gardama a 1979, masu so suka fi yawa da kashi 51.6 cikin 100. Amma an riga an ɗana tarko cikin dokar, wai sai masu so sun kai kashi 40 na dukan waɗanda sunansu ke cikin rajista. Wanda ya kwana a gida, an lissafa shi tamkar ya ce a'a. Aka ce ba su ci ba. Sai a 1997 aka sake, kashi 74 suka ce suna so, aka buɗe majalisa mai wakilai 129 a Edinbara a 1999.

Kada wani ya ce mulkin cikin gida ba kome ba ne. Asibiti, da makaranta, da 'yan sanda, da kotu, da aikin gona, duk suka komo hannunsu. Ɗan ƙasa yana karatun jami'a ba ya biyan kuɗin makaranta, a 2011 kuma aka daina karɓar kuɗin maganin da likita ya rubuta. Amma soja, da hulɗa da ƙasashen waje, da buga kuɗi, da shige da fice, suna Landan. Babban kaso na abin da gwamnatin Edinbara ke kashewa daga baitulmalin Landan ya ke zuwa, bisa wani lissafi da a ke kira da sunan Barnett tun 1978, ko da ya ke dokar 2016 ta ba su ikon yanka harajin albashi. Har dokar da ta shafi rajistar jam'iyyu da kuɗinsu, Landan ta riƙe abinta. An ba ka ɗaki a gida, amma mabuɗin rumbu yana wuyan maigida.

Yanzu ga inda na ke so ku kasa kunne, ku 'yan kasuwa. A Biritaniya kowace jam'iyya an san mai ciyar da ita. Leba ta dogara ƙwarai da ƙungiyoyin ma'aikata, Konsabatif kuwa da attajirai da kamfanoni. A 1997 aka gano mai harkar tseren motoci, Bernie Ecclestone, ya ba Leba fam miliyan 1, ga shi kuwa sabuwar gwamnatin Leba ta nemi a ɗage wa tseren motoci hanin tallar taba. Surutu ya yi yawa har aka mayar masa da kuɗinsa. Bayan wannan aka yi dokar shekarar 2000, aka kafa hukumar zaɓe mai duba littattafan jam'iyyu, aka hana karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, aka ce duk babbar kyauta a buga sunan mai ita kowa ya gani. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Turawa ma sun san haka, shi ya sa suka ce a riƙa bayyana kuturun.

SNP ta kafa gwamnati a Edinbara a 2007 ƙarƙashin Alex Salmond, a 2011 ta sami kujera 69, watau rinjaye, Landan ta yarda a yi ƙuri'a kan rabuwa. To, wa ya ɗauki nauyin yaƙin? A 2011 wani mutum da matarsa, Colin da Christine Weir, suka ci fam miliyan 161 a cacar tikiti. Su 2 ɗin nan suka ba ƙungiyar masu cewa i fam miliyan 3.5, wanda ya fi rabin duk abin da ta tara nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen, marubuciya J. K. Rowling ta ba masu cewa a'a fam miliyan 1, wani babban ɗan kasuwar mai, Ian Taylor, ya ba da fam 500,000. Ban ce ɗayansu ya yi da mugun nufi ba. Amma ku duba, makomar mutum miliyan 5, ga shi nauyin yaƙin yana wuyan mutanen da ba su cika tabarma ɗaya ba. Da tikitin nan bai ci ba fa?

Ran 18 ga Satumba 2014 aka jefa ƙuri'a. Mutum 2,001,926 suka ce a zauna tare, 1,617,989 suka ce a rabu. Masu neman 'yanci suka sha ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki. Maimakon su watse, talakawa suka yi ta tururuwa suna yankar katin jam'iyya. Kafin ƙuri'a 'yan SNP wajen 25,000 ne, cikin wata 6 suka haura 100,000, kowa yana biyan ɗan abin da ya iya. A zaɓen 2015 suka kwashe kujera 56 cikin 59 na Sikotland a majalisar Landan. Abin da miliyoyin attajirai ba su saya ba, taro da sisin talaka ya kawo. Wannan darasi na farko ke nan.

Ga na biyu, shi ne mai ɗaci. A 2016 Biritaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai, alhali kashi 62 na mutanen Sikotland sun ce a zauna. Sai SNP ta ce lalle a sake ƙuri'ar rabuwa, daga 2017 ta shiga neman gudummawa domin wannan aiki kaɗai. Tsofaffi da leburori da masu ƙananan kantuna suka tara sama da fam 600,000. Da aka buga lissafin jam'iyya na ƙarshen 2019, sai aka ga abin da ke banki bai kai fam 100,000 ba. Masu gudummawa suka ce, ina kuɗinmu? Shugabanni suka ce kuɗi na nan, sun gauraya da sauran na jam'iyya ne, za a fitar in ranar ta zo. A 2021 mutum 3 na kwamitin duba kuɗi suka ajiye aiki domin an hana su ganin littattafai. Ma'ajin jam'iyya da kansa, Douglas Chapman, ya sauka, ya ce ba a ba shi bayanin da zai yi aikinsa da shi ba. Jama'a, ma'aji fa! A watan Yuli na shekarar 'yan sanda suka buɗe bincike.

Babban jami'in da ke riƙe da ofishin jam'iyya, Peter Murrell, a lokacin shi ne mijin shugabar gwamnati, Nicola Sturgeon. Shugabanci da jaka duk a gida ɗaya. A Maris 2023 ya sauka, bayan jam'iyya ta musa cewa mambobi sun ragu, sa'an nan ta komo ta amsa sun sauko zuwa 72,186. A Afrilu 2024 aka tuhume shi da cin kuɗin jam'iyya. Ita Sturgeon an tsare ta an yi mata tambayoyi a 2023 aka sake ta, a Maris 2025 kuma 'yan sanda suka ce sun rufe bincike a kanta, ba a tuhume ta da kome ba. Hukunci aikin alƙali ne, ba nawa ba. Ni abin da na ke nuna muku ya faru tun kafin ɗan sanda ya taka ƙofa, ranar da ɗan jam'iyya ya ce a nuna masa littafi aka hana shi.

Ƙuri'ar da aka tara kuɗin dominta kuwa, a Nuwamba 2022 Kotun Ƙoli ta Biritaniya ta yanke cewa majalisar Edinbara ba ta da ikon kiranta sai da yardar Landan. A zaɓen Yuli 2024 SNP ta faɗo daga kujera 48 da ta ci a 2019 zuwa 9. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma maganar kuɗin nan tana ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, mu komo gida. Iyayenmu mata da ke zaune nan sun fi ni sanin wannan ilmi. Kowace tana zubin adashi. Me ya sa adashi ke yin shekaru bai mutu ba? Domin kowa na zubawa, kowa ya san abin da aka tara, kowa ya san ranar kwasarsa. Ran da uwar adashi ta ce kada a tambaye ta lissafi, ran nan adashi ya mutu, ko da ba ta ci ko anini ba. In kuwa mutum ɗaya ne ke zuba duka, wannan ba adashi ba ne, bara ce.

Saboda haka ga shawarata, ku ɗauka ko ku bari. Na ɗaya, kowa ya biya kuɗin katinsa na wata, ko kaɗan ne, ya karɓi rasit. Wanda ba a ba shi rasit ba ya zo ya faɗa a gaban taro, ko da ni ne na karɓa. Na biyu, duk kyautar da ta fi kuɗin katin mutum na shekara, a karanta sunan mai ita da adadinta a nan, a rubuta cewa ba ta da sharaɗi. Wanda ya ce a ɓoye sunansa, a mayar masa da abinsa da godiya. Na uku, kuɗin da aka tara domin wani aiki a ware shi dabam, kada a taɓa shi domin wani. Na huɗu, shugaba da ma'aji da magatakarda kada su fito gida ɗaya. Na biyar, ku zaɓi mutum 3 daga cikinku, waɗanda ba su riƙe da muƙami, su riƙa duba littafi kowane wata 3. A sa mace cikinsu.

Game da motar attajiri, ni ƙuri'a ɗaya gare ni kamar kowa. Na san tafiyar ƙafa zuwa ƙauyuka da wuya, na kuwa san mai gidan da mu ke haya ya fara ɗaga murya. Amma ku tambayi kanku, ran da za mu yi lacca a kan masu ɓoye hatsi su tsawwala farashi, ko a kan masu karɓe rumfunan talakawa a kasuwa, cikin motar wa za mu tafi? In direba ya ce yau ba mai, wa za mu kai ƙara?

Ga littafin kuɗin reshe na zo da shi, yana kan teburin nan. Wanda ya iya karatu ya zo ya duba, wanda bai iya ba ya kawo ɗansa ya karanta masa, ba zan tashi ba sai an kira magariba.

Allah ya ba talaka sawaba, ya tsare mu da cin amana. Wassalamu alaikum.