Ɗan Amshi a Bayan Mahaifinsa: Jawabi a Bikin Yaye Yara Masu Koyon Kiɗa

 

Yaran da muke yayewa yau za su fito fili tare da iyayensu da yayyensu, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda abin bai kwanta musu a rai ba. Maganata ita ce, a ƙasar Hausa gida ne makarantar kiɗa ta farko, darasinta kuwa tsayuwa a bayan babba a gaban jama'a. Ku dubi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Ɗan Usman Ɗankwanda ne, makaɗin noma, kuma tun yana ɗan mitsitsi yake bin mahaifinsa yana amshi tare da wansa Abdu Kurna, kafin kotsonsa ya kai shi fadojin sarakuna har gaban Sardauna Ahmadu Bello. Abin da yaro ke kwasa a wannan tsayuwa ba ya rubutuwa a allo. A nan zai gane inda jagora ke sauke numfashi don 'yan amshi su cafe gindin waƙa, ya ga yadda ake matse tsarkiyar kalangu a hammata har fata ta yi magana, ya san daga harara ɗaya ta uba cewa ya yi gaggawa. Ƙaramar ganga ake fara miƙa masa, ya yi ta maimaita bugu guda har hannu ya daina gardama. Haka 'yan mata ke raɓawa kusa da iyaye mata ana kiɗan ƙwarya, an kifa ƙarama a kan ruwa tana amsa wa manya, kuma a irin wannan zama na cikin gida amadar da Barmani Choge ta shahara da ita ta yi ƙarfi.

Wani zai ce ai Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba, amma wa ya kamo ƙafarsa? Haka ne. Sai dai Shata ya tashi a Musawa lokacin da dandali ke raye, inda yaro zai ji kalangu da farin wata, ya gwada muryarsa, a yi masa dariya ko tafi. Yau a yawancin garuruwa waya ta cinye dandali, kuma waya ba ta harararka in ka kuskure. Gida ne ya rage mai kunne da ido.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na karatu da na roƙo, kuma ba zan raina shi ba. An sha ganin yaro a gidan biki har tsakar dare, an liƙa masa kuɗi a goshi, babba ya kwashe, gari ya waye yana gyangyaɗi a aji. Wannan zalunci ne ko da uba ne ya aikata, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya shekara 9 ta karatun farko. Amma a lura, ɓarnar tana cikin lokaci ne da kuɗi, su biyun kuwa a hannun iyaye suke. Mahaifin da ya san gobe akwai Islamiyya shi ya fi kowa ikon cewa a tashi, abin da baƙon ubangida mai neman riba ba zai faɗa ba. Saboda haka roƙona gare ku iyaye, wasa ya tsaya a ranakun hutu, yaro ya kwana a gida, abin da aka liƙa masa kuma a ajiye masa, a saya masa littafi da takalmi.

Ranka ya daɗe shugaban taro, da izininka za a miƙa musu takardunsu, sannan iyali na farko su fito. Ƙaraminsu ne zai buɗe da bugu, a ba shi kunne.