Tallafin Ƙungiyoyin Sa-Kai: Wa Zai Samu, Kuma Wa Zai Yanke?

 

An ce in yi magana a kan 'yancin ƙananan hukumomi. To ni gefe ɗaya kawai zan kama, wanda ba a cika taɓawa ba: idan kuɗi ya shigo hannun ciyaman, wace ƙungiyar sa-kai ce za ta samu tallafi, kuma wa zai yanke?

Kun san ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa ba. Kason nan kashi 20.60 ne cikin ɗari na asusun tarayya. Aiwatarwa dai tana tafiyar hawainiya, wanda ya saba da riƙe tukunya ai ba ya sakin ludayi da daɗin rai. Amma ko ba jima ko ba daɗe za a zo wurin, kuma gara a same mu da tsari.

Ku buɗe Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. A cikin ayyukan da aka ɗora wa ƙaramar hukuma akwai kula da makabartu, da gidajen gajiyayyu, da magudanan ruwa, da sa hannu a ilimin firamare da na manya. Yanzu ku faɗa min tsakani da Allah, a unguwarku wa yake yin waɗannan? Idan damina ta rufta kaburbura, wa yake kiran gayya? Kwamitin makabarta ne, dattawa biyar ko shida da ke bin masallatai da kwali bayan sallar Juma'a. Kwatar da ake yashewa kafin ruwa ya sauka, yaran unguwa ne da baro na aro da shebur biyu. Ajin yaƙi da jahilci na matan aure, wata baiwar Allah ce ta ba da zaurenta, malamar kuma ba ta karɓar ko sisi. Waɗannan mutane aikin hukuma suke yi mata kyauta. Saboda haka in an tallafa musu ba alfarma aka yi musu ba, wani ɓangare na bashi aka biya.

To yaya ake rabon a yau? Mu da muke cikin harkar mun sani. A buga takarda mai tambari, a nemi wanda yake shiga ofishin ciyaman ba sallama, ya kai. Ƙungiyar da ta iya wannan ita ce wadda aka haifa wata uku kafin zaɓe, da hula da kalanda da uban ƙungiya, ta mutu ranar rantsuwa. Shi kuwa dattijon makabarta bai ma san ana rubuta takarda ba.

Na san abin da wasu daga cikinmu suke faɗa, domin an faɗa min a fuska: mu muka sha rana, mu muka tsare akwati, yanzu kuma a ce a raba da waɗanda suka zage mu? Ban raina wahalar kowa ba, wallahi. Amma sakayyar siyasa tana da ƙofarta, akwai muƙamai, akwai kwamitoci, a je can a yi rigimar. Kuɗin marayu da na makabarta ba ya cikin wannan lissafi. Kuma ku duba ta fuskar riba ma: kujerar ciyaman wa'adi gare ta. Duk al'adar da muka kafa yau, ita za a yi mana gobe. In muka hana islamiyyar wata unguwa don shugabanta ba namu ba ne, ranar da kujera ta juya islamiyyarmu ce za ta biya, kuma ba mu da bakin magana.

Abin da nake so mu ɗora wa duk ciyaman da kansilan da ya fito daga gidan nan shi ne, tallafin ƙungiyoyi ya zama layi guda a cikin kasafin kuɗi, da adadinsa, majalisar kansiloli ta amince da shi a zaune, ba kuɗin aljihun ciyaman ba. A sanar a rediyo cewa an buɗe nema, a ba da lokaci. Kansilan da yake da hannu a wata ƙungiya ya tashi ya fita in an zo kanta. Sunayen waɗanda suka samu, da nawa suka samu, a manna a allon sakatariya kowa ya gani.

Maganar rajista kuma a yi hattara. In aka ce sai mai takardar CAC, an kori ƙungiyoyin ƙauye ke nan, domin kuɗin rajista da na lauya ya fi ƙarfinsu, masu wayon birni kuma su kwashe. Rajistar ƙaramar hukuma da shaidar mai unguwa ko dagaci cewa ƙungiyar ta yi shekara biyu tana aiki a gaban idon jama'a sun isa. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu su sa hannu. Wani wurin ma kayan aiki ya fi kuɗi amfani: siminti, baro, allo, tabarmi. A ba da rabi, a je a ga aiki, sannan a cika.

Shugabannin mazaɓu, aikin farko naku ne. Kafin a fara haɗa kasafin baɗi, kowa ya kawo mana jerin ƙungiyoyin da ke aiki na gaskiya a mazaɓarsa, da abin da suke yi, da tun yaushe. Har da waɗanda shugabanninsu ba sa gaishe mu. Jerin da ya zo da 'yan gidanmu zalla, za mu mayar wa mai shi ya sake.