Ɗaukar Majinyaci Aikin Ubangiji Ne

 A yau muna so mu ba ku labarin wani sojan Kanada, Kofur Frederick Topham, haifaffen Toronto a 1917. Ba don kisa aka san shi ba. Aikinsa a bataliyar sojojin laima shi ne ɗaure rauni da ɗauko waɗanda harsashi ya kayar.

A ranar 24 ga Maris 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, bataliyarsu ta dira a gabashin kogin Rayin, cikin ƙasar Jamus. Da hantsi aka ji wani mai rauni yana kuka a fili, inda babu mafaka. Ma'aikatan jinya 2 suka je ɗaya bayan ɗaya, duka aka harbe su suna durƙushe a gefensa.

Topham ya ga abin da ya faru, amma ya tashi ya tafi, ba tare da wani ya umarce shi ba. Yana cikin ɗaure raunin harsashi ya huda masa hanci. Jini na zuba, ya gama aikinsa, ya ɗauko mutumin har cikin itatuwa. Awa 2 ya ƙi yarda a duba shi, sai da aka kwashe sauran masu rauni. Bayan an yi masa magani, ya tarar da motar sulke tana ci da wuta, harsasai na fashewa a ciki. Ya shiga ya fito da mutum 3. 1 ya rasu, 2 suka rayu. Aka ba shi lambar Victoria Cross, mafi girma ta jarumtaka. Ya rasu a 1974.

'Yan'uwa, ba yaƙi muke yabo ba. Allah ya raba mu da shi. Muna so mu lura cewa Topham ba likita ba ne, mai ɗauka ne. A Markus sura 2 ma, da mutanen nan huɗu ba su ɗauko shanyayye ba, da bai kai gaban Yesu ba.

A ƙauyukanmu jinkiri ne ke kashe mutane. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2. Saran maciji ba ya jiran gari ya waye, da damina kuma rafi kan tare hanya.

Don haka muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi matasa masu ɗauka, ta tanadi gadon ɗaukar majinyaci da tocila, ta ware kuɗin man babur. Kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da tsakar dare. Kada a tambayi addinin majinyaci ko kabilarsa kafin a ɗauke shi.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin kafaɗa da zuciyar tausayi. Amin.