Lasifikar Hannu Marar Waya Ƙirar Gida: Darasi Daga Teburin Mai Gyara a Kafanchan



Gabatarwa

Kafanchan gari ne da ya girma a gindin ƙarfe. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos wajen 1927, garin ya saba da mutanen da ke kwance inji su ɗaura. Jiragen sun yi ƙaranci, amma hannuwan suna nan. Yau lasifikar hannu ta shiga ko'ina: wurin mai talla a kasuwa, taron matan zumunta, makarantar Islamiyya, gonar citta a Kwoi da Kachia, har filin bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Kusan duk shigo da su ake yi, in sun lalace kuma sai bola. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa za mu iya ƙera tamu, muddin muka fara lissafi daga batir kafin mu kai ga ƙara.

Batir shi ne tushe

A wurin da wuta ba ta da tabbas, tambayar farko ita ce: awa nawa za ta yi? Batirin litiyam samfurin 18650, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar cinya, yana ba da bolt 3.7, in ya cika kuma 4.2. Mai ƙarfin 2500mAh yana riƙe da abin da ya kai wat 9 na awa ɗaya. In lasifika na cin wat 1.5 a matsakaici, za ta yi kimanin awa 6. A haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, lokacin ya ninka.

A nan ake cutar mai saye. Batirin ƙwarai na wannan samfuri ba ya wuce kimanin 3500mAh, don haka wanda aka rubuta masa 9900 jabu ne. Sannan litiyam ba ya yafiya: in caji ya zarce, ko wayoyi suka haɗu, yana iya kamawa da wuta. Kada a haɗa shi sai da allon caji na TP4056 mai kariya, wanda ke yanke wuta in batir ya cika ko ya kusa ƙarewa. A ƙara ƙaramin faifan sola mai bolt 5 zuwa 6, manomi ya huta da zuwa shagon caji.

Zaɓen amfilifaya

Da yawa daga cikinmu da TDA2030 muka koyi aiki. Yana da kyau a rediyon da ke jone da wuta, amma kusan rabin abin da yake sha zafi yake zama. Amfilifaya ajin D kan mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa sauti. Ga ƙaramar lasifika, PAM8403 ya wadatar: bolt 5, wat 3 kowane gefe a kan lasifika mai om 4. Da yake batir ɗaya bai kai bolt 5 ba, sai a sa allon ɗaga wuta irin MT3608, da kapasita mai 1000µF dab da amfilifaya, don kada sautin ganga ya kashe na'urar. Wanda ke son ta majami'a ko filin taro sai ya koma TPA3116, ya jera batir uku da allon kariyarsu.

Bluetooth da matsalar tsuwa

Bluetooth na aiki a zangon gigahaz 2.4, yana kai wa kimanin mita 10. Kukan da mai koyo ya fi yi shi ne wata siririyar tsuwa da ke bin waƙa. Takan taso ne idan allon Bluetooth da amfilifaya suna shan wuta ta hanya ɗaya. Maganinta a gajarce wayoyin sauti, a tara wayoyin ƙasa a wuri guda, in ta ƙi kuma a raba wutar da ƙaramar na'urar B0505S. Kada a rufe eriya da ƙarfe.

Akwati

Rabin daɗin sauti na hannun kafinta. Akwatin katako mai kauri, wanda aka toshe duk wata kafa tasa, ya fi na roba nesa ba kusa ba. Yankinmu na da damina mai ƙarfi da ƙurar hunturu, saboda haka a shafa wa katako fenti, a sa ƙyalle a fuskar akwatin, a ɗaure murfi da kusoshi masu kwancewa domin gyara ya zo da sauƙi.

Kammalawa

Mai gyara ya san hannu, ɗalibi ya san lissafi, kafinta ya san katako, amma kowa na gefensa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su buɗe ƙofa ga masu sana'a, a shirya horo na haɗin gwiwa, a fara da auna batir da kiyaye haɗarinsa. Iyayenmu masu shaguna kuma, kowa ya ɗauki yaro ɗaya, namiji ko mace, ya tsaya masa har ya ƙera lasifikarsa ta farko.